Marfin Biro, Guntun Takarda da Lissafin Tazara

Da zarar hunturu ya kankama, iska ta bushe, leɓe ya fara tsagewa, sai wasu ƙananan abubuwa su riƙa faruwa a gidaje waɗanda ba mai tsayawa ya tambayi dalilinsu. A ja bargo cikin duhu a ji ƙas-ƙas, har a ga 'yan tartsatsi. Mutum ya sauko daga mota ya kai hannu zai rufe ƙofa, sai ya ji kamar an tsira masa allura a yatsa. Hijabi ya manne wa jiki, leda ta ƙi rabuwa da hannu. 'Yan makaranta kuwa tuni suka mai da abin wasa: a goga marfin biro a ka, a kai shi kusa da 'yan guntayen takarda, sai takardar ta yi tsalle ta maƙale. In ka tambayi yaro zai ce maka maganaɗisu ne. Ba shi ba ne. Maganaɗisu da ƙarfe yake hulɗa, ba ruwansa da takarda.

Duba abin da ya faru da kyau. Duniyar nan da duk girmanta tana jan guntun takardar ƙasa, amma marfin biro da bai fi nauyin ƙwayar gyaɗa biyu ba ya ƙwace shi daga hannunta. Wannan kaɗai ya isa abin mamaki. Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne marfin ba ya iya wannan bajinta sai ya matso. Ɗaga shi taƙi ɗaya sama, takarda ko gezau. Yi ta saukowa da shi sannu a hankali, shiru, shiru, sai kwatsam ta zabura. Abin da ke jikin marfin bai ƙaru da komai ba tsakanin can sama da nan ƙasa. Tazara ce kawai ta ragu.

Abin da gugar take yi ba ɓoyayye ba ne a yau. Kowane abu, gashi ne ko roba ko takarda, da ƙwayoyin zarra aka gina shi. A cibiyar kowace ƙwaya akwai furoton masu ɗauke da caji iri ɗaya, a kewayenta kuma akwai ilektiron masu ɗauke da kishiyarsa. Su ne alamun nan biyu da kowa ya sani a jikin batir, na ƙari da na ragi. In ba a taɓa su ba adadinsu daidai yake, wannan ya kashe kaifin wancan, shi ya sa ba a jin komai. Idan aka goga roba a gashi sai wasu ilektiron su bar gashin su koma robar, roba ta samu rarar cajin ragi, gashi ya samu giɓi. Caji iri ɗaya suna ture juna, iri daban suna jan juna. Bafaranshe Charles du Fay ne ya gano a 1733 cewa cajin iri biyu ne, Benjamin Franklin na Amurka kuma ya sa musu alamar ƙari da ragi. Kafin su da fiye da shekara 2,000 Girkawa sun san cewa akwai wani daskararren ƙaro wanda in aka goga shi yakan ɗauki ƙaiƙayi da gashin tsuntsu. Gani dai an daɗe ana yi. Awo ne aka rasa: nawa ne ƙarfin, kuma in an matsa ko an ja da baya, da nawa yake canzawa?

Wanda ya kawo amsar injiniyan soja ne. An haifi Charles-Augustin de Coulomb a garin Angoulême na Faransa a 1736. Daga 1764 zuwa 1772 yana tsibirin Martinique yana kula da ginin wata katafariyar ganuwar soja, ya dawo gida da ciwon da bai rabu da shi ba har mutuwarsa a 1806. Mutum ne da sana'arsa ta koya masa ya riƙa tambayar kaya nawa ginshiƙi zai ɗauka kafin ya karye, ƙasa nawa bango zai tare kafin ya kife. Yana cikin binciken yadda za a inganta allurar kamfas ta jiragen ruwa ya laƙanci wani hali na siririyar waya: in ka rataye abu a jikinta ka murɗa ta, tana neman warwarewa, kuma ƙarfin warwarewar daidai yake tafiya da yawan murɗin. Ninka murɗi, ƙarfi ya ninku. Da haka waya ta zama sikeli, irin wanda zai auna abin da sikelin maƙerin zinariya ma ba zai ji ba.

A 1785 ya gabatar da na'urarsa ga majalisar masana kimiyya ta Paris. Wani ɗan tulun gilashi ne. Daga sama siririyar wayar azurfa ta sauko, an rataye ɗan tsinke a kwance a ƙarshenta, a bakin tsinken akwai ɗan ƙwallo da aka fiƙe daga totuwar wani itace. Daf da shi kuma an kafe wani ƙwallon irinsa. Da aka ba su caji iri ɗaya sai na rataye ya gudu, ya je ya tsaya digiri 36 daga na kafe, wato wayar ta murɗu digiri 36. Coulomb ya kama kan wayar daga sama ya riƙa murɗawa don ya tilasta masa dawowa. Kafin tazarar ta koma rabi, digiri 18, sai da ya murɗa digiri 126. Haɗa da 18 ɗin da suka saura, 144 ke nan, wato 36 sau huɗu cif. Ya ci gaba da murɗawa har digiri 567, tazarar ta koma takwas da rabi, jimla 575 da rabi. In ka ninka 144 sau huɗu 576 za ka samu. Tazara ta rabu biyu, ƙarfi ya ninku huɗu. Ta sake rabuwa biyu, ya sake ninkuwa huɗu.

Kamata ya yi awo na ukun ya tsaya a digiri 9. Rabin digirin da ya ɓace, Coulomb ya ce cajin da ya zurare ne a 'yan mintocin da ya ɗauka yana aikin. Wannan yoyo ya dame shi har sai da ya rubuta maƙala guda a kansa, yana auna yadda caji ke gudu a ranakun da iska ke da danshi da ranakun da take a bushe. A nan ne labarinsa ya haɗu da hunturunmu. Da damina danshi yakan kwanta a jikin komai, ɗan siririn ruwan da ido ba ya gani, shi ne hanyar da caji ke bi ya tsere tun kafin ya taru. Goga marfin biro a watan Agusta, da ƙyar takarda za ta kula ka. A Janairu kuwa, a Kano ko Katsina ko Damagaram, danshin iska da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Irin yanayin da Coulomb yake jira a Paris, mu kyauta muke samun sa wata uku a kowace shekara. Malamin kimiyyar da ke ƙorafin babu kayan gwaji, totuwar kara da zaren siliki da mataji na roba sun ishe shi ya nuna wa aji ja da turi, muddin ya ajiye darasin har sanyi ya shigo.

Awo uku kacal Coulomb ya buga a waccan maƙala, kuma sun yi kyau har sun sa wasu zargi. A 1992 wani masani a Jamus, Peter Heering, ya ƙera irin na'urar ya sha wahala kafin ya samu lambobi masu natsuwa, domin cajin da ke jikin mai gwajin kansa yana rikita ƙwallon. A 2006 kuma Alberto Martínez a Amurka ya maimaita gwajin ya samu abin da ya yi kusa da na Coulomb. Ko ma yaya aka yi a ɗakinsa, dokar ba a kan awonsa kaɗai ta tsaya ba. Joseph Priestley na Ingila ya hasaso ta tun 1767. Henry Cavendish ya gwada ta ta wata hanya a farkon shekarun 1770, amma da yake mutum ne mai gudun jama'a bai buga ba, sai a 1879 James Clerk Maxwell ya fito da takardunsa. Gwajin da aka yi a Amurka a 1971 ya nuna cewa in ma akwai kuskure a lamba biyun da ke kan tazara a lissafin da ke ƙasa, bai kai kashi ɗaya cikin tiriliyan dubu ba. Suna dai ya tafi ga wanda ya auna ya kuma faɗa wa duniya, kuma a ganina haka ya dace.

Ga dokar yadda ɗalibin babbar sakandare yake haddace ta:

F = k × q₁ × q₂ ÷ r²

F shi ne ƙarfin ja ko turi, ana auna shi da niyuton. Niyuton ɗaya kusan nauyin giram 100 ne a tafin hannu. q₁ da q₂ su ne yawan cajin biyu, ana auna su da kulom, ma'aunin da aka raɗa wa sunan mutumin. r ita ce tazarar da ke tsakaninsu da mita. k kuwa lamba ce da ba ta canzawa, a iska kusan biliyan 9, wato 9 × 10⁹. Sharaɗin dokar shi ne kowane caji ya zama kamar ɗigo, ma'ana girman abin da ke ɗauke da shi bai taka kara ya karya ba in an gwada da tazarar. Ƙwallaye biyu masu girman ƙwayar wake da ke da taƙi biyu a tsakani sun cika sharaɗin. Faranti biyu da aka kusa haɗa fuskokinsu ba su cika ba, nasu lissafin daban ne.

Mu ɗauki ƙwallaye biyu, ɗaya da maikurokulom 2, ɗaya da maikurokulom 3, tsakaninsu santimita 30. Maikurokulom kashi ɗaya ne cikin miliyan na kulom. A fara da mai da santimita 30 mita 0.3. A ninka cajin biyu: 2 × 10⁻⁶ sau 3 × 10⁻⁶ ya ba da 6 × 10⁻¹². A ninka da k, a samu 0.054. Tazara sau kanta, 0.3 sau 0.3, ita ce 0.09. A raba 0.054 da 0.09, amsa niyuton 0.6. Kusan nauyin ƙwan kaza guda ke nan. In cajin iri ɗaya ne, da wannan ƙarfi kowanne ke ture ɗan'uwansa. In iri daban ne, da shi suke jan juna. Kuma mai 3 ba ya ture mai 2 fiye da yadda mai 2 ke ture shi. Dukansu 0.6 suke ji, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma. Ɗalibai da yawa ba sa yarda da wannan a karon farko, gani suke babba dole ya fi bugu, alhali a cikin lissafin ba a ware wa kowa nasa kaso ba, ninka su aka yi wuri guda.

Inda aka fi faɗuwa a jarrabawa ba a wurin fahimta ba ne, a wurin santimita ne. Yaro ya bar 30 yadda take, ya ninka ta da kanta ya samu 900, ya raba, amsarsa ta fito 0.00006. Sai ka ji ya ɗaga hannu: "Malam, amsata ba ta cikin zaɓin." Ina za ta kasance, ta kauce sau 10,000. Mantuwar ninki ɗari ce, amma da yake a kan tazara ta faɗa, sai dokar ta ninka mantuwar da kanta.

To yanzu mu yi wasa da lambobin, domin nan ne abin lurar yake. Ninka cajin ɗaya daga cikinsu, mai 2 ya koma 4: ƙarfi ya tashi daga 0.6 zuwa 1.2. Bar cajin yadda suke, ka rage tazarar zuwa santimita 15: ƙarfi ya koma 2.4. Matso da su santimita 3, ya zama niyuton 60, nauyin kilo shida, daga nauyin ƙwai guda. Ja su baya zuwa santimita 60, ya faɗo 0.15, zuwa mita 3, ya koma 0.006, abin da ko a fatar hannu da ƙyar a ji. Wanda yake son ƙarfi ya ninku ɗari yana da hanya biyu: ko ya tara caji ninki ɗari, aikin da iska ma ba za ta bari ba don tartsatsi zai kwashe shi, ko kuwa ya matso kawai zuwa kashi ɗaya bisa goma na tazarar. Yawa sau ɗaya yake shiga lissafin, tazara sau biyu.

Me ya sa sau biyu? Haska tocila a bango kana kusa, za ka ga ɗan da'ira mai haske ƙal. Ja da baya ninki biyu, faɗin da'irar ya ninku biyu, tsayinta ma ya ninku biyu, filin da ta rufe ya ninku huɗu, hasken da bai ƙaru ba ya rabu a kan fili huɗu, ya dushe zuwa rubu'i. Tasirin caji ma ta kowace fuska yake bazuwa, kuma filin da zai rufe yana girma ne da tazara sau tazara. Shi ya sa dokar Newton ta jan nauyi, wadda aka buga a 1687, take da wannan r² ɗin a ƙasanta.

Idan cajin sun fi biyu, ba sabuwar doka ake nema ba. Kowane biyu a yi musu lissafinsu kamar sauran ba sa nan, sannan a haɗa ana lura da inda kowane ƙarfi ya dosa: masu fuska ɗaya a tara, masu karo a ɗebe. Akwai wata tambaya ta irin wannan da nake so. An kafe maikurokulom 4 a nan, maikurokulom 1 a can, duka na ƙari, tsakaninsu santimita 30. A ina za a ajiye caji na uku ya zauna lafiya, turin wannan ya kashe turin wancan? Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in ji masu magana. A nan dai kimarsa ba ta cika ba. Ido zai ce tunda babban ya ninka ƙaramin huɗu, to ya ci kashi huɗu na filin ya bar masa ɗaya, wato santimita 24 da 6. Lissafi ya ce santimita 20 daga babban, 10 daga ƙaramin, domin 4 a raba da 400 daidai yake da 1 a raba da 100. Fifikon ninki huɗu, filin ninki biyu kawai ya saya.

Da wannan a hannu za a iya warware wata tambaya da ya kamata ta dami duk wanda ya yi wasan biro. Marfin aka goga, shi ke da caji. Takarda ba wanda ya goga ta, ƙarinta da raginta daidai suke. Kamata ya yi marfin ya ja rabinta ya ture rabinta, a tashi canjaras. Me ya ɗaga ta? Abin da ke faruwa shi ne cajin ragin da ke marfin yana ɗan tura ilektiron na cikin takardar baya, ɗan gusawar da ba ta kai faɗin ƙwayar zarra ba. Sai fuskar takardar da ke kallon marfin ta ɗan karkata ga ƙari, ta bayan ta karkata ga ragi. Yawansu ɗaya ne, ko ɗaya bai fi ɗaya ba. Bambancinsu kawai wannan ya fi wancan kusa. Mu ƙaddara fuskar gaba tana milimita 10 daga marfin, ta baya tana 11. Ja zai zama kamar ɗaya bisa 100, turi kamar ɗaya bisa 121. Turi ya gaza ja da kusan kashi 17 cikin ɗari, kuma wannan 'yar rarar ita ce ta ɗaga takardar. Da marfin ya yi nisa, milimita 100 da 101, rarar ba ta kai kashi 2 cikin ɗari ba, a kan ƙarfin da shi kansa ya riga ya faɗi sau ɗari, ga kuma gusawar ilektiron ɗin ita ma ta ragu. Dalilin shirun nan ke nan da zaburar kwatsam. Ta wannan hanyar ce ƙurar hunturu take manne wa gilashin talabijin da fikafikan fanka na roba, komai yawan sharewa.

Lamba k ma ta cancanci a dube ta, don biliyan 9 ba wasa ba ce. Ka ajiye kulom ɗaya nan, kulom ɗaya can, mita ɗaya a tsakani: niyuton biliyan 9, nauyin tan kusan 900,000. In tirela tana ɗaukar buhun siminti 600, tan 30 ke nan, sai an jera tirela 30,000 kafin a kai wannan nauyi. Amma batirin waya mai lamba 5,000 a jikinsa, daga cikarsa zuwa mutuwarsa kulom 18,000 ne ke ratsa wayar, kuma tana aljihu ba ta tsaga riga ba. Sirrin shi ne cajin wucewa yake yi, yana fita ta nan yana shiga ta can, ba a taɓa barin rara ta taru wuri ɗaya ba. Abin da guga ke tarawa a marfin biro bai wuce 'yan kashi cikin biliyan na kulom ba. A ce kashi 10 ne cikin biliyan: ilektiron biliyan 60 ke nan, tunda kowanne yana ɗauke da kulom 1.6 × 10⁻¹⁹, adadin da Robert Millikan ya fara aunawa da ɗigon mai a 1909. Biliyan 60 kamar da yawa, amma giram ɗaya na roba yana da ilektiron kusan 3 × 10²³. Cikin kowane tiriliyan biyar, ɗaya ne baƙo. Tartsatsin bargo da tsirar ƙofar mota duk ɗan abin da ya zube ne daga ma'aunin da saura kaɗan ya cika daidai. A cikin ƙwayar zarra ta haidurojin, jan lantarki tsakanin furoton da ilektiron ya ninka jan nauyin da ke tsakaninsu sau 2 × 10³⁹, wato 2 da sifili 39 a bayanta. Ba mamaki marfin biro ya kayar da duniya.

A madafa ma dokar tana aiki. Gishiri ƙwayoyi iri biyu ne, sodiyam mai cajin ƙari da kulorin mai cajin ragi, a jere bi da bi, tsakaninsu kashi 0.28 cikin biliyan na mita. Kusancin nan ya sa riƙonsu ya yi tsanani har sai zafi ya kai digiri 801 kafin gishiri ya narke a wuta. Kantun Bilma yakan ratso Tenere a bayan raƙumi cikin rana mai ƙuna ya iso kasuwa garau, amma ruwan sama ɗaya ya ishe shi. Dalili kuwa, k ɗin nan ta biliyan 9 ta iska ce. A cikin ruwa ƙarfin yakan ragu kusan sau 80, domin ƙwayoyin ruwa suna kewaye kowane caji su dushe shi, sai riƙon ya saki. Man gyaɗa kusan sau uku kawai yake rage shi. Duk mai tuya ta san in ta barbaɗa gishiri a mai, a gindin kasko za ta same shi yadda ta zuba.

Akwai wurin da tazara take ƙanƙancewa har lambobin su zama abin tsoro, shi ne cibiyar ƙwayar zarra. Furoton biyu da ke da mita 2 × 10⁻¹⁵ a tsakani suna ture juna da niyuton kusan 58, nauyin kilo shida, a kan abin da ko madubin likita mafi ƙarfi ba ya gani. Abin da ya hana su watsewa wani ƙarfi ne daban, wanda ya fi na lantarki, amma hannunsa gajere ne ƙwarai, maƙwabcin da ke jikinsa kaɗai yake iya riƙewa. Turin lantarki kuwa, ko da yake yana raguwa, yana kaiwa ko'ina a cikin cibiyar. A ƙaramar cibiya mai gajeren hannu ne ke da rinjaye. A ta yuraniyom furoton 92 ne, kowanne yana ture sauran 91, turi 4,186 ke nan in an ƙirga su bibbiyu, riƙo kuwa na maƙwabta ne kawai. Cibiyar tana zaune ne a bakin gaɓa.

A Disamban 1938 Otto Hahn da Fritz Strassmann a Berlin suka harbi yuraniyom da niyutiron, wasu ƙwayoyin cibiya marasa caji, suka tarar da bariyom a cikin abin da ya rage, suka rasa yadda za su fassara shi. Lise Meitner, wadda ta gudu daga Jamus zuwa Suwidin a shekarar, ita da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch suka gane cewa cibiyar ce ta tsage biyu, kuma da dokar Coulomb suka ƙiyasta ƙarfin da ɓangarorin za su rabu da shi. Kowa zai iya bin sawunsu. Bariyom furoton 56, ɗaya ɓangaren kuma, kirifton, 36. A ninka su, 2,016. A ƙaddara tazarar cibiyoyinsu a lokacin rabuwa mita 1.5 × 10⁻¹⁴ ce. A sa a cikin lissafin nan da muka yi wa ƙwallaye, amsa ta fito niyuton kusan 2,000, nauyin buhun siminti huɗu, a kan ɓarin ƙwayar zarra guda. Da wannan turi suke fita a guje, su yi karo da abin da ke kewaye, gudun ya koma zafi. Giram ɗaya na yuraniyom mai lamba 235 in ya tsage duka yana ba da zafin da ya fi na man gas lita 2,000, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na wannan zafi daga turin cajin ƙari biyu yake fitowa. Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit, arewa da Agadas, kuma shekaru da dama kaso mai yawa nasa Faransa ya nufa, ƙasar Coulomb, inda kusan kashi biyu bisa uku na wutar lantarki daga tashoshin nukiliya yake fitowa.